Madarar da Mevlida Ta Juye a Garwar Maƙwabciya

Akwai wata mata a wani ƙauyen kan tudu a Bosniya, sunanta Mevlida. Ita da maƙwabciyarta, tsohuwa Hajrija, kowacce saniya ɗaya gare ta. Madarar ɗaya ba ta cika garwa, don haka suke haɗawa a garwar tsohuwar, su miƙa wa motar da ke kai wa birni.

Wata rana hantsar saniyar Mevlida ta kumbura. Likitan dabbobi ya yi mata allura, ya ce, "Madararta sai zubarwa har maganin ya fita. Ko kyanwa kada ki ba."

Da safe Mevlida ta kalli madarar, fara sol, ba wari. Hannunta ya ƙi zubarwa. Ta juye a garwar kamar kullum.

A ranar ma'aikaciyar lafiya ta zo, ta ɗebi kaɗan daga kowace garwa don gwaji. Aka sami magani a ta Hajrija, aka dakatar da ita.

Tsohuwar ta leƙo ta shinge. "'Yar nan, saniyarki lafiya dai?"

"Lafiya lau, Inna."

"To, tawa ce ke nan."

A shagon ƙauye, Fikret direban motar ya ce, "Inna Hajrija, ashe kyamis kika buɗe? A auno min na ciwon baya." Aka yi dariya. Mevlida tana tsaye da burodi a hannu, ta juya ta fita.

Kullum takan ce gobe za ta faɗa. Kullum kuma tsohuwar kan kira ta shan gahawa, tana cewa, "Kin rame, ƙara sukari."

Ranar Juma'a ta kasa jurewa, ta shiga gidan tsohuwar. Ɗakin saniyar wayam.

"Mahauci ya tafi da ita jiya," in ji Hajrija. "Jarirai ke shan madarar nan. Ban san me ke jikinta ba, kuma ba zan tsaya gaban Allah da haƙƙinsu ba."

Mevlida ta durƙusa ta faɗi komai.

Tsohuwar ta ce, "A hannuna aka haifi saniyar nan." Can ta ƙara da cewa, "Je ki gaya wa ma'aikaciyar. Ki biya ta shago kuma, ki ɗaga murya, Fikret ba ya ji sosai."

Ta je, ta faɗa. Sunan Hajrija ya wanku. Da yamma ta jawo tata saniyar har ƙofar tsohuwar.

"Mayar da ita, 'yar nan. Na yafe miki. Amma hannuna ya tsufa da koyon wata saniyar."

Hajrija ba ta sake kiwo ba.

Darasi: Abin da aka hana ka sa wa a abincin mutane, kada ka sa, ko da ido bai ga aibinsa ba. In kuma ka yi kuskure, faɗa yau, kafin marar laifi ya biya da abin da ba ya dawowa. Allah Ya tsare hannayenmu. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu sayar da abin ci da sha.