Hannun Irmiya da Baƙin Bunsuru

Ku matso kusa, ku bar surutun nan haka, yau sai kun yanke mini hukunci.

A zamanin kakanninmu, a wani ƙauye, akwai wata al'ada. Kafin shuka kowane magidanci sai ya ɗora hannunsa a kan baƙin bunsurun da za a yanka wa tsafi a gindin kuka. Da bishara ta iso, mutane kaɗan suka bi Yesu, wani tsoho mai suna Irmiya ne yake koya musu. Waɗansunsu suka ce, "Baba, ɗora hannu ne kawai fa, ai Ubangiji zuciya yake dubawa." Irmiya ya ce, "Hannun da nake ɗagawa ran Lahadi, shi zan ɗora wa bunsuru? Faufau!" Sai Korau, sarkin tsafi, ya sa aka ɗaure shi a jikin kukar cikin zafin bazara, ya ce kada a ba shi ko ɗigon ruwa sai ya ɗora.

Tabita gwauruwa ce, ba ta da kowa sai Allah. Da rana tsaka, a idon jama'a, ta ɗauko tulu ta nufi kukar. Aka fasa tulun, aka zane ta. Ta koma ta ɗauko ƙwarya, aka fasa. Ta jiƙa zanenta a rijiya ta zo ta matse wa tsohon a baki, haka ta yi ta yi kullum, duka ko ba duka. Ba don ita ba, da ƙishirwa ta gama da shi.

Da Korau ya ga abin zai zame masa abin kunya, sai ya tara gari ya ce wai Irmiya ya riga ya ɗora hannu a ɓoye, za a kwance shi. Tsohon ya galabaita, ko magana ba ya iya yi. Sai Jatau mai gadin tsohon, ɗan Korau na cikinsa, wanda yake bin Yesu a ɓoye saboda tsoro, ya miƙe ya ce, "Baba, ka gafarce ni, amma bai ɗora ba. Ni ma ba zan ƙara ɗorawa ba." Nan take uban ya kore shi daga gida, ya ƙwace gonarsa, aka ƙara tamke igiyar. Ba don shi ba, da Irmiya ya tsira da sunan munafuki, 'yar ikilisiyar kuwa ta watse.

Filibus shi kaɗai ne maƙerin garin. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya kwaso fartanya da garma zuwa maƙera, sai Filibus ya zuba wa wutarsa ruwa, ya je ya zauna a gindin kukar, ya ce, "Ku kawo igiya. Ubangijinmu ɗaya da shi, laifinmu ɗaya." Suka yi masa dukan tsiya, bai motsa ba. Kai, taurin kai irin na Filibus! Da manoma suka ga damina za ta wuce su, suka yi wa Korau caa, dole ya kwance tsohon. Ba don shi ba, da a jikin kukar nan za a kwance gawa.

Irmiya ya rayu, amma igiya ta kashe masa hannun nan, bai ƙara ɗaguwa ba. Ya ce dole ɗaya daga cikin ukun ya tsaya gaban ikilisiya a madadinsa, ga kuma wata shukar tana tafe, Korau ya riga ya sayi sabon bunsuru.

To, ku da kuka iya gardama, wa ya fi cancanta a damƙa masa jama'ar nan a cikinsu?