Inda Sirajo Ya Ɗaura Maratayin Mahaifinsa

Akwai wani bawan Allah mai suna Sirajo, mutumin Ningi, da ke zaune a Silver Spring tare da matarsa Shafa'atu. Aikinsa haɗa sauti a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Mutumin kirki ne, ba ya rowa, ba ya rigima. Aibinsa guda: da an taɓo zancen farauta, to kowa ya kama bakinsa, malam ya iso.

Kuma ba a banza ba. Mahaifinsa ne Sarkin Bakan ƙauyensu, yayyensa uku duk maharba ne. Shi kaɗai aka sa a boko, ya girma bai taɓa kada ko zomo ba. Yayyen har suna suka sa masa, wai maharbin rediyo.

Ranar da zai taho Amurka, tsohon ya kwance maratayin bindigarsa ya miƙa masa. Fata ce mai faɗi, ta sha mai da gumi har ta koma baƙa. Ya ce, "Riƙe. Ai can ma akwai daji."

Shekara goma sha biyu fatar nan tana kwance a akwati. Tsoho kuwa ya haura tamanin, ido ya fara hazo. Duk Lahadi in suka yi waya ta bidiyo sai ya tambaya yana dariya, "Sirajo, har yanzu ba ka kada komai ba?" Rannan sai ya ƙara da wata magana, ba dariya a cikinta: "To ka hanzarta, tun idon nan yana ɗan gani."

Sirajo ya kwana yana juya maganar. Ya rantse a ransa sai mahaifinsa ya ga naman da ya harba da hannunsa. Ya yi darasin kiyaye haɗari, ya karɓi lasin, ya sayi bindigar farauta mai madubin saiti. Saura wurin farauta.

A masallacin Juma'arsu akwai wani dattijo, Baba Issah, mutumin Kumasi, wanda ke jigilar tsofaffi zuwa asibiti a motar kamfani. Cikin waɗanda yake ɗauka har da mahaifiyar wani Baturen manomi mai suna Clinton, can gaba da Germantown, wanda barewa suka addabi gonarsa. Baba Issah ne ya yi wa Sirajo hanya.

Sai dai Clinton yana da sharaɗi. Zai kafa farantin takarda a jikin katako, nisan yadi ɗari. Ka durƙusa a gwiwa ɗaya, babu tebur babu majingina, ka saka harsashi uku a cikin farantin. Dama biyu yake bayarwa, ba ya ƙarawa, domin ya ce ba zai yarda a raunata dabba ta je ta mutu da wahala a cikin daji ba.

Sirajo ya fito da maratayin ya ɗaura shi yadda ya buɗi ido ya ga ana yi a gidansu: kai ɗaya a ƙota, ɗaya kan kuma ya naɗe shi tamau a jikin bututun ƙarfen, kusa da baki. Ya ga wasu 'yan ƙusoshi biyu masu huda a ƙarƙashin itacen bindigar, ya ɗauka ado ne.

Bayan sallar Juma'a ya tara mutane a wurin ajiye motoci yana nuna hoton bindigar a waya. Baba Issah ya leƙo, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ɗana, fatar nan mai kyau ne. Amma ka cire shi daga ƙarfen. Ba nan ne wurinsa ba."

Sirajo ya yi wata irin dariya. "Haba Baba Issah! Ni fa ɗan na-gada ne, ba ɗan na-koya ba. Shekara sittin mahaifina a nan yake ɗaura shi. Kai dai riƙe mana sitiyari, bar mana bindiga."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Dattijon ya ce, "Yoo. Allah ya ba da sa'a." Kuma washegari shi ya ɗauki Sirajo a motarsa ya kai shi gonar, kamar ba a yi komai ba.

Sirajo ya durƙusa, ya zura hannun hagu cikin maratayin, ya murɗa ya ja da ƙarfi don bindiga ta tsaya cak. Saitinsa a tsakiyar faranti yake, ko shakka babu. Ya taɓa kunama sau uku.

Clinton ya taka ya cire farantin ya kawo. Fari fat, ko ƙwarzane babu. Da irin wannan faranti sai a zuba wa baƙo abinci. Ramukan uku suna can ƙasa a jikin katako, wajen hagu, sun taru wuri guda kamar sun yi shawara.

Clinton ya ce masa da Turanci, "Asabar mai zuwa ce damarka ta ƙarshe."

A hanyar dawowa babu wanda Sirajo bai ɗora wa laifi ba. Iska ce. Madubin ne. Harsashin ne. Daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa tsohuwar fata ce ba ta dace da bindigar zamani ba. Baba Issah ya ci gaba da tuƙinsa.

Ranar Litinin ya shiga kantin kayan farauta ya zaɓi maratayi sabo dal, baƙi, mai roba a ciki da ƙugiyoyin ƙarfe masu walƙiya. Mai kantin, wani Elvis, ya buɗe baki zai nuna masa yadda ake maƙala shi. Sirajo ya ɗaga masa hannu, ya ce a gidan maharba aka haife shi. Ya koma gida ya sake naɗe sabon a jikin bututu, daidai inda ya kwance tsohon.

Laraba ya ɗauki hutu ya tafi filin gwajin harbi. A nan abin ya ɗaure masa kai. In ya ɗora bindigar a tebur ya saki maratayi, harsashi sai ya faɗa tsakiya. In ya durƙusa ya ja maratayi, sai ƙasa, sai hagu. Ya maimaita har kwalin harsashi ya ƙare. Tsoro ya kama shi sosai, domin ya fara tunanin ko yayyensa ne ke da gaskiya.

Ya dawo gida ko abinci ya kasa ci. Shafa'atu ta zuba masa ido, sannan ta ce, "Baban Rumasa'u, mutum ɗaya ne ya gaya maka za ka kuskure tun kafin ka harba. Ka sani, na sani."

"Direba ne fa."

"Direban ne ya samo maka gonar. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Saura kwana uku, kuma Baba na gida ba jiranka zai yi ta yi ba."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta karya shi.

Alhamis bayan la'asar ya sa bindigar a akwatinta, ya ɗauki maratayin biyu, ya nufi gidan Baba Issah a Germantown. Tun daga ƙofa ya cire hula ya rusuna. "Baba, na yi maka rashin kunya a gaban mutane. Ka yafe mini."

"Shigo, shigo, sanyi yana shiga ɗaki. Ka ci wake da shito, yajinmu na Ghana, tukuna."

Da suka gama, dattijon ya shimfiɗa tsumma a tebur. Yadda ya karɓi bindigar, ya juya bakinta ga bango, ya buɗe ya leƙa ya tabbatar babu harsashi, tun daga nan Sirajo ya sha jinin jikinsa. Wannan ba hannun baƙo ba ne.

"Baba, a ina ka san bindiga?"

"Shekara ashirin da biyu a sojan Ghana. Ɗakin makamai. Gyara ne aikina."

"Amma ba ka taɓa faɗa ba!"

"Ka ce in riƙe sitiyari. Na riƙe."

Kunya ta rufe Sirajo kamar ƙasa ta tsage ya shige. Baba Issah bai ja zancen ba. Ya yago 'yar takarda, ya zura ta tsakanin bututun da itacen da ke ƙarƙashinsa. Takardar ta wuce sumul, gaba da baya.

"Ka gani? Ƙarfen a sake aka bar shi, ba ya taɓa komai. To sa hannunka ka ja, yadda ka ja a gona."

Sirajo ya ja. Dattijon ya taɓa takardar, ta ƙi motsi, ta maƙale.

"Ka lanƙwasa shi ke nan. Idonka ba zai gani ba, bai fi silin gashi ba. Amma silin gashi a nan, in ya kai yadi ɗari ya zama taƙi biyu."

A hankali Sirajo ya ce, "To mahaifina fa? Kuskure ya yi duk shekarun nan?"

"A'a, kada ka faɗi haka. Bindigar babanka adaka ne. Yana ɗura albarushi da ƙarafa, ya laɓaɓa har ya ji numfashin nama, ya saki, su watsu. Shi rataya kawai yake yi da fatar. Kai kuma harsashi ɗaya gare ka, daga nesa, kana jingina da shi. Babanka ya yi daidai da bindigarsa. Kai ne ba ka tambayi naka ba."

Ya juya bindigar, ya nuna 'yan ƙusoshin nan biyu. "Ga wurinsa. Ɗaya a ƙarƙashin itace ta gaba, ɗaya a ƙota. Mai bindigar ya riga ya yi maka aikin."

"Wallahi na ɗauka ado ne."

Baba Issah ya yi dariya har da tari.

Sai aka zo zaɓe. Dattijon ya ɗaga sabon maratayin ya ja shi, ya miƙe ya koma kamar robar wando. Ya girgiza shi, ƙugiyoyin suka yi ƙara. "Wannan in ka jingina, zai biyo ka. Kuma barewa zai ji ka tun daga titi." Ya ɗauki tsohuwar fatar, ya naɗe a hannu ya ja iya ƙarfinsa, ko gezau. "Wannan ba ya ƙarya. Wanda ya jeme shi ya san aiki."

Ya ɗauko zobba biyu na maƙalawa daga wani tsohon gwangwani, ya huda fatar da basilla, ya ɗinke. Da za a auna tsawo, sai ya hana Sirajo gwadawa da kaftani. "Sa rigar sanyin da za ka sa ranar. In ka auna da wannan, ran Asabar hannunka ba zai shiga ba."

Asabar da hantsi Sirajo ya durƙusa a gonar Clinton. Ya zura hannu, fatar ta kama damtsensa, bindiga ta zauna daram. Ya yi bismillah.

Clinton ya je ya dawo yana kaɗa kai, ya ɗaga farantin sama. Rami uku a tsakiya, tafin hannu ɗaya ya rufe su duka. Sirajo ya yi kabbara da ƙarfi har karen gonar ya tsorata, ya rungume Baba Issah yana dariya, hawaye na zuba.

Kwana takwas bayan haka, ranar Lahadi da safe, wani namijin barewa mai ƙaho ya fito bakin gonar masara. Harsashi ɗaya. Sirajo ya ruga ya same shi da sauran rai, ya yanka da sunan Allah. Nan take ya kira gida ta bidiyo.

Aka kai wa tsoho waya har kan tabarmarsa, yayyen uku sun kewaye shi. Ya matso da ita dab da idonsa, ya daɗe yana kallo. Can sai ya ɗaga hannu ya saki kirarin da ya shekara goma bai yi ba, gida ya ɗauki guɗa. Babban yayan ya ce, "To, daga yau mun janye sunan."

Tsohon ya sake ƙura ido. "Tsaya. Fatata ce wannan. Wa ya ɗaura maka ita a nan? Ba nan nake sa ta ba."

Da Sirajon da ne, da ya ce dabararsa ce. Amma sai ya jawo Baba Issah, wanda ya rako shi, gaban waya, ya faɗi komai, har da maganar sitiyari bai ɓoye ba.

Tsoho ya ce, "Kai yaro! Wa ya gaya maka da saiti aka haife ni? Wani baƙo ne mai tallar gishiri ya gyara mini riƙo, ina da gemuna." Ya juya ga dattijon. "Malam, na gode. Ka ba ni abin da na fara cire rai da gani. Sirajo, a gidanmu wanda ya gyara maka hannu shi ke da cinya. Cire masa ta dama, tun ina kallo."

Sirajo ya zaro wuƙa, ya cire, ya miƙa da hannu biyu.

Darasi: Gado abin alfahari ne, amma ba ya hana tambaya. Ka riƙe abin da iyaye suka bar maka, ka kuma nemi sanin inda ya dace ka ɗaura shi a zamaninka. Kada ka auna ilimin mutum da aikin da ka gan shi yana yi a yau, domin ba ka san abin da hannunsa ya riƙe jiya ba. In kana da wani na kusa da ke jin nauyin cewa "koya mini", tura masa wannan labari tun damarsa ta biyu ba ta wuce ba.