Jar Laka a Hannun Ƙauna

Akwai wani manomin citta a Kwoi mai suna Gershon. Mutum ne mai zargin tsiya. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya tsaya tunanin me kake nema.

'Yarsa Ƙauna tana aji uku a firamare, amma ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Shi kam ya riga ya yanke hukunci cewa yarinyar ba ta da kai.

Da aka kawo sabon malami, Malam Luke, sai Ƙauna ta fara dawowa gida da jar laka har cikin farce. In uban ya tambaya, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ticha ne ya sa ni."

Ran Gershon ya ɓaci. Ya san malaman da ke tura marasa ƙoƙari aikin gidansu, su bar masu ganewa a aji. Ya ce wa matarsa, "Bulo wannan mutum yake sa yarinya na bugawa. In na kama shi, ta gama makaranta ke nan."

Washegari ya lallaɓa ya laɓe bayan mangwaron makaranta. Wasu yara na kwafar rubutu daga allo, wasu na rera haruffa da tafi. Ƙauna kuwa tana baranda tana murza laka.

Malam Luke ya hango shi, ya tako ya gaishe shi.

"Riƙe gaisuwan ka," in ji Gershon. "Lebura na kawo maka?"

"Haruffa take ginawa, Baba. Da hannu take koyo, don ba ta ganin allo."

"Ƙarya ne! Ni na haife ta."

"To biyo ni, amma kar ka yi magana."

Suka matsa kusa da barandar. Malam Luke ya ce, "Ƙauna, wa ke tare da ni?"

Ta ɗago, ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana kallo.

"Ban san shi ba, sa. Baƙo ne?"

Kunya ta rufe Gershon. Ya durƙusa gabanta, ya ce, "Ni ne, Ƙauna. Gobe za mu je asibiti a Kafanchan. Yanzu nuna mini abin da kin gina."

Darasi: Ba duk yara ke koyo ta hanya ɗaya ba. Kafin ka ce yaro ba shi da kai, ko ka zargi malaminsa, bincika abin da ke hana shi. Ku tura wa iyaye da malaman da kuka sani.