Ranar da Jatau Ya Tare Ƙofa

A wani gari, shekarun baya, an yi wani bawan Allah masaƙi, ana kiransa Jatau. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Ladidi, 'yar shekara shida.

Sai annoba ta shigo garin, zazzaɓin nan da ɓera ke kawowa, wanda in ya yi tsanani jini ke ɓallewa. Ya yi ta ɗaukar yara. Gidan da aka ce ya shiga, ko gaisuwa ba a zuwa, don haka kowa ya koma ɓoye majinyacinsa.

Ku saurara, jama'a.

Ladidi ta kwanta. Jatau ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya ba ta magani, jiki bai sauka ba. Ran nan yana goge mata baki, sai ya ga jini a tsumman. Ya kira yayansa ya nuna masa.

Yayansa Barau ya ce, "Ja bakinka ka yi shiru. Kana faɗa za su ɗauke ta. Wa ka ga ya dawo? Wa kuma zai ƙara sayen zanenka?"

Bai rufe baki ba sai ga ƙawayen Ladidi a zaure. "Baba, mun zo duba Ladidi." Ƙaramarsu har ta sako ƙafa.

Jatau ya dubi ɗaki, ya dubi yaran. Sai ya tare ƙofa. "Ku koma, 'ya'yana. Ku gaya wa iyayenku ciwon nan ya shigo gidana."

Ya kai ta asibiti, aka killace ta. Yana bayan shinge, tana miƙo hannu, "Baba, ɗauke ni!" Babu halin taɓawa. Duk ma'aikacin da ya fito, sai Jatau ya miƙe yana karanta fuskarsa.

Allah Ya tashi kafaɗar Ladidi, amma ciwon ya tafi da jinta. Jatau ya kira sunanta, ba ta waiga ba. Ya yi kuka, ya yi hamdala.

Wata maƙwabciya da ta ga haka ta fito da ɗan da ta ɓoye. Wasu suka biyo ta, aka ceci yara da dama.

To, jama'a, ɓoye cuta mai yaɗuwa cin amanar maƙwabci ne. In ta shigo gidanka, Allah Ya kiyaye, faɗi gaskiya ka nemi asibiti da wuri. Wanda kuma ya faɗa, kada ku guje shi. Don 'ya'yanku ya tona asirin kansa.