Igiyar Jatau da Man Kaɗanyar Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani mutum ne wai shi Jatau, sana'arsa yasar rijiya. In rijiya ta cika da laka, shi ake kira ya sauka ya kwashe. Ba ya yarda kowa ya riƙe masa igiya sai matarsa Tasalla. Takan naɗe igiyar sau uku a jikin gungumen da ke gicciye a bakin rijiya, wani itace mai kaushi kamar bayan kada. Igiya ta ciji itace, itace ya ciji igiya, ita kuwa tana sassautawa kaɗan-kaɗan har mijinta ya taka ƙasa. Ƙaton mutum, amma mace ɗaya ke riƙe da shi.

Duk sa'ad da zai sauka sai ya ce, "Tasalla, ina hannunki."

Ita kuma ta ce, "Kana hannun Allah, maigida."

Abu ɗaya ne ke damun Tasalla. Kaushin nan yana cin igiya, kowane wata sai Jatau ya zauna tufkar sabuwa har tafin hannunsa ya tsage. In ta ga jinin, sai tausayi ya kama ta.

Ran nan sai ga Gizo da ƙoƙon man kaɗanya da ya yi kwantai a kasuwa, ga yunwa tana cin sa. Ya ji ƙyauren gidan Jatau yana kuka, ƙiiii.

Ya ce, "Uwargida, ba ni fura in kashe miki kukan nan."

Ta ba shi. Ya shafa mai, ƙyaure ya yi tsit. Tasalla ta ce, "Kai, Gizo, ashe kai malami ne!"

Kashegari ya dawo, ya tarar tana niƙa, gumi na zuba. Ya ce, "Ba ni fura in sauƙaƙe miki." Ta ba shi. Ya shafe dutsen niƙa da mai, hannunta ya riƙa tafiya sumul.

Kaza ta leƙo ta ce, "Tasalla, dutse na gudu, amma gero na nan yadda yake."

Gizo ya ce, "Rabu da ita, kwaɗayi ke sa ta magana."

Rana ta uku za a yashe rijiyar unguwa. Gizo ya riga Jatau zuwa, ya tarar da Tasalla a bakin rijiya, ya ce, "Uwargida, kin ga abin da ke cinye hannun mijinki? Kaushin itacen nan ne. Ba ni fura, igiya ɗaya ta yi muku shekara."

Kwaɗo ya ɗago kai daga gefen rijiya ya ce, "Kada ki yarda, Tasalla. Ni a santsi aka haife ni, na san halinsa. Ba ya riƙe kowa."

Gizo ya ce, "Ji mai ƙurajen baya! Hassada yake yi wa duk abin da ya yi sumul."

Wayyo Tasalla! Ba mugunta ba ce, so ne. Ta karɓi man da hannunta, ta shafe gungume, ta shafe igiya, tana murna za ta ba mijinta mamaki.

Jatau ya iso, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya zura ƙafa. Ya ce, "Tasalla, ina hannunki."

Kafin ta amsa, igiya ta zame, fuuu! Ta damƙa, ta suɓuce. Ta sake damƙa, ta suɓuce. Ta kai haƙori ta ciza, wutsiyar igiyar ta fizge ta bi shi. Can ƙasa aka ji tim, daga nan babu ko tari.

Gizo kuwa ya ɗafe zarensa ya haye bishiya. Ku lura, jikokina, nasa zaren mai danƙo ne, bai taɓa shafa masa mai ba.

Aka fito da Jatau, aka kai shi makwancinsa na ƙarshe. Tun daga ranar, kullum da hantsi sai a ga Tasalla a bakin rijiya da yashi da toka, tana goge gungumen nan tana kuka. Ta goge har kaushinsa ya dawo, ta naɗe sabuwar igiya sau uku, ta riƙe gam. Amma babu wanda zai ce mata, "Ina hannunki."

To, kun ji. Ba duk abin da ke tirje maka ne maƙiyinka ba, wani shi ke riƙe da ranka. Kafin ka kawar da wahala, ka tambayi abin da take tsare maka, don da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Kungurus kan kusu, tatsuniya ta ƙare, kowa ya riƙe abin da ya ji da hannu biyu.