Jar Mota a Tsakar Gidan Inna

Ya 'yan uwa, ku ba ni hankalinku. An yi wani mutum a nan garin Kaduna, a unguwar Abakpa. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, kuma rufa asirin musulmi wajibi ne. Ma'aikacin gwamnati ne mai rufin asiri. Ba ya shaye-shaye, ba ya neman mata, ba a taɓa jin ya ci haƙƙin wani a ofis ba. Yana zaune a gidan da mahaifinsa ya bari, shi da matarsa Zulaiha da 'ya'yansu, da mahaifiyarsa, tsohuwa mai fama da ciwon fuka, wadda duk layin ke kira Inna Hassana. Wanda ya gan shi zai ce wannan kam ya tsira. To amma Shaiɗan ba ƙofa ɗaya ya sani ba.

Wata Asabar ya shiga kasuwar Panteka neman madubin motarsa ta zuwa aiki. Can bayan tulin ƙarafa ya hango gawar wata tsohuwar mota ƙirar Turai, irin 'yar gajeruwar nan mai kujera biyu, wadda ake naɗe rufinta a baya iska ta riƙa dukan mai tuƙi. Ba taya, ba gilas, kaji sun mai da kujerun akurki, tsatsa ta cinye gindin ƙofofin. Tun yana yaro ya taɓa ganin irinta ta wuce ta gaban makarantarsu, ya bi ta da gudu har ta ɓace masa. Ran nan tsohon marmarin ya taso masa gaba ɗaya. Kafin la'asar an sauke ta a ƙofar gidansa.

Ƙofar gida ta yi mata kaɗan, aka fasa katanga. Tsakar gida ba fili, aka sare bishiyar lemun tsamin da Inna ke shimfiɗa tabarma a inuwarta. Tsohuwa ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Wannan kuma gawar wa aka kawo mana?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, ki dai zuba ido."

A faɗi gaskiya, mutumin yana da hannu. Ya rantse ba mai taɓa motar nan sai shi. Ya riƙa kallon masu irin aikin a waya, yana zuwa yana tsayawa a kan masu walda har ya koya. Ya yanke inda tsatsa ta ci, ya liƙa sabon ƙarfe. Ya bubbuge lotsawa da ƙaramar guduma, ya shafa fila, farin ƙullin nan da ake cike ramukan jikin mota da shi, ya bi da samfefa yana gogewa har sai tafin hannunsa ya shafa bai ji tudu ba. Siraran ƙarafan adon da ke bin gefen motar ya ciccire su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙar da su, ya goge su har suna ɗaukar ido. Fatar kujeru sai da ya je Kano ya zaɓo. Kowane mataki sai ya ɗauki hoto ya watsa, abokai suna ta zuga shi, suna cewa ba a taɓa yin irinsa a Kaduna ba.

Laifi ne mutum ya gyara mota? Ba laifi ba ne. Da wannan sana'a bayin Allah da yawa ke ciyar da iyali. Laifin ya fara ne daga lokacin da ladan zai kira salla, mutumin ya ce bari filar nan ta kama tukuna. Azahar ta koma haɗuwa da la'asar. Gaisuwar da yake zuwa yi wa Inna kowace safiya, ya durƙusa a bakin ƙofarta, ta koma ɗaga murya daga ƙarƙashin mota.

Farar ƙurar fila kuwa ta cika gidan. Tana kan tuwo, tana cikin randa, tana kan shimfiɗar Inna. Warin tina, ruwan nan mai hawa kai da ake sirka fenti da shi, ya shige labule ya zauna. Tsohuwa ta fara tari irin wanda sai ta dafa bango. Zulaiha ta same shi ta ce, "Baban Umar, ƙirjin Inna fa yana kuka kamar usur. Ka kai aikin nan gareji mana." Ya ce, "In kai ta gareji su ɓata mini ita? Saura kaɗan." Wata ya bi wata, kullum saura kaɗan.

Sai ranar fenti ta zo. Ya zaɓi ja, ja wur kamar gauta nunanne. Ya yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi, ya kori yara, ya fesa a tsanake. Da ya gama ya tsaya yana kallo, ƙirjinsa ya cika. Ya fita sayen lemon kwalba don ya jiƙa maƙoshi.

Inna ba ta san fenti na daɗewa bai bushe ba. Ta wanke zanenta na salla, ta fito neman inda za ta shanya. Igiyar shanya a jikin bishiyar lemun take, ta tafi tare da ita. Sai ta ga abu shimfiɗaɗɗe cikin rana, ta baza zanen a kan hancin motar.

Ya dawo ya gani. Ya fizge zanen, fenti ya biyo shi, saƙar zanen ta fito raɗau a jikin motar. Ya 'yan uwa, harshena ba zai iya maimaita duk abin da ya faɗa ba. Ya daka wa matar da ta haife shi tsawa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya ce ta zame masa kaya. Ya ce in ba za ta iya zama a ɗaki ba, ai ba shi kaɗai ta haifa ba. Ya jefa mata zanen a ƙafa.

Tsohuwa ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki zanenta, ta shiga ɗaki. Da yamma ƙaninsa Zakari, direban tifa da ke haya a Rigasa, ya zo da keke mai ƙafa uku ya ɗauke ta da 'yar jakarta. Zulaiha tana kuka tana riƙe mata mayafi. Shi kuwa yana tsugune yana kankare fenti, ko kai bai ɗaga ba. A zuciyarsa cewa yake, in ya gama zai je ya ba ta haƙuri, ai uwa ba ta fushi mai tsawo.

Daga ranar nan aikin ya ƙi. Ya sake fesawa, fenti ya yi ƙuraje kamar bayan kada. Ya kankare ya sake, ya tsage. Ya sake, ruwan sama ya sauko ba hadari ba gargaɗi. Ya ce iska ce ke cutarsa, sai ya zagaye motar da tamfol ta ko'ina, ya riƙa shiga ciki yana feshi ba abin rufe hanci. Ya fito yana layi, majinarsa ja, idanunsa ja. Ya daina zuwa ofis sai jefi-jefi, aka ja masa kunne, aka gaji, aka dakatar da shi. 'Yar autarsa ta kama tari irin na kakarta. Zulaiha ta tattara yara ta tafi gidan iyayenta a Hayin Banki, ta ce ba yaji ta yi ba, ran 'yarta take ceto.

Ya rage daga shi sai mota. Ya rame, wuya ya fito, numfashi ya fara yi masa gardama. Ya san ya kamata ya je Rigasa. Sau da yawa yakan sa takalmi ya kai bakin ƙofa, sai ya waiwayo ya ga wani ɗan tabo a jikin ƙofar motar, ya ce bari in gyara wannan kawai. Kun ga yadda abin yake? Ba cewa ya yi ba zai je ba. Cewa yake yi gobe.

Wata safiya rana ta fito tas, ba iska. Ya haɗa fenti, ya shiga tamfol, ya soma, sai ya ga yau abin yana kwanciya lumui yadda bai taɓa yi ba. Yana tsakiyar haka waya ta yi ƙara. Zakari ne. Ya ce, "Yaya, jikin Inna ya rikice. Ka zo yanzu." Ya dubi rabin da ya fesa, ya dubi rabin da ya rage. Ya san in ya tsaya a nan, mahaɗar za ta fito, wahalarsa ta tashi a banza. Ya ce, "Ga ni nan tafe." Ya ajiye wayar ya ci gaba. Ta sake ƙara, ya kife ta.

Fentin ya yi kyau, 'yan uwa. Ya yi kyan da mutum zai ga fuskarsa a ciki.

Sai da yamma ya hau acaɓa da jan fenti har gwiwar hannu. Yana shiga layin su Zakari ya ga tabarmi a ƙofar gida, ya ga maza suna wanke ƙafafunsu daga jar ƙasa. An riga an kai ta, an dawo.

Ya faɗi a nan. Da ya farfaɗo ya kama rigar ƙaninsa yana cewa, "Me ta ce? Don girman Allah me ta ce?" Zakari ya ja shi gefe ya ce, "Yaya, kai ne ɗanta na fari. Ka san tun da muka taso, kunya ba ta taɓa barinta ta kama sunanka ba. Yau ta kama. Duk wanda ya ɗaga labule sai ta kira sunanka, ta ce kai ne? Har muryarta ta ɗauke."

Ya ce, "Ta yafe mini?"

Zakari ya share hawaye. Sannan ya ce, "Ban ji ta yi maka baki ba. Amma ban ji ta ce ta yafe ba. Ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba."

Ya bi matan da suka yi jinyarta ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusa musu, ko akwai wadda ta ji kalmar. Babu. Ya je maƙabarta ya kifa goshi kusa da kabarin yana kiran Inna har masu gadi suka ɗaga shi. Likita ya duba ƙirjinsa ya ce fenti ya ƙone masa huhu, sai dai lallaɓawa. Yau ba ya iya tafiya daga ɗaki zuwa masallacin layinsu sai ya huta a hanya. Motar tana nan a tsakar gida, bai taɓa tayar da ita ba, ba ya ma iya kallon inda take. Duk malamin da ya gani sai ya tare shi da tambaya ɗaya: ko Inna ta yafe masa. Ana ce masa ya tuba, ya yi mata addu'a, ya yi mata sadaka, rahamar Allah tana da yalwa, kuma gaskiya ne. Sai ya ce, "Na sani, malam. Amma daga bakinta nake so in ji."

Wa zai ba shi wannan? Ni ba zan iya ba, ku ma ba za ku iya ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai kashe kowa da makami ba. Halal ya saya, da guminsa ya yi aiki. Amma ya bar abin da hannunsa ya ƙera ya fi masa wadda ta ɗauki cikinsa. An hana mu ko da tsaki ga iyaye, shi kuwa tsawa ya yi, sannan ya jinkirta ban haƙuri kamar shi ke riƙe da ajali. Kowannenmu yana da abin da ya ajiye a tsakar zuciyarsa, wani shago, wani waya, wani siyasa, wani gini. Wanda tsohuwarsa ke raye a cikinku, kada ya kwana yau bai je ya durƙusa ba. In akwai laifi, ya roƙa tun tana iya amsawa.

Allah ka jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ka ba mu albarkar waɗanda suka rage. Allah ka sassauta wa wannan bawa naka, ka karɓi tubarsa. Allah ya kiyaye mu da son abin da zai rufe mana ido har lokaci ya ƙure. Amin.