Bagudu da Zanen da Ya Fito Kore

Ga ta nan ta iso ƙofa.

Ta shigo mu ji.

To, ku yi shiru. Ba na maimaita magana.

Ranar Laraba ce, rana ta ƙwalle, ko ganye ba ya motsi. Wani manomi Bagudu, fara ta cinye masa gona, gida babu hatsi. Ya tafi marina wurin Kunkuru, sarkin marina, ya ce a koya masa rini.

Kunkuru ya ba shi fararen zannuwa uku. Ya ce, "Shuɗi nake so. Ka ɓata ukun, ka koma gida."

Bagudu ya tsoma na farko a ramin baba. Ya jira. Ya ciro. Kore shar! Ya dubi na mutane a kan igiya, shuɗi. Ya dubi nasa, kore. Maza ya tura shi cikin tulu ya rufe.

Ƙadangare na kan katanga, ya gyaɗa kai. "Ramin nan ya san hannun manomi. Ganye yake ba ka."

Bagudu ya wanke hannu sau bakwai. Ya tsoma na biyu. Ya ciro. Kore. Ya binne shi a laka.

Ya je ya durƙusa gaban Kunkuru. "Ranka ya daɗe, me nake ɓatawa?"

Kunkuru ya ce, "Me kake yi in ka ciro?"

"Ɓoyewa."

"Uhm," in ji Kunkuru. Ya mai da kai cikin ƙoƙonsa.

Bagudu bai gane komai ba. Ya koma, ya tsoma na uku. Ya ciro. Kore dai. Babu sauran inda zai ɓoye. Ya tsaya riƙe da shi, yana tunanin 'ya'yansa.

Sai Iska ta taso, ta ce, "Kai ne mai ɓoye mini aiki?"

"Baiwar Allah, wane aiki?"

"Rami ya yi rabi, ni in yi rabi. Ɗaga hannu."

Ya ɗaga. Iska ta lashi zanen, ta lashi zanen. Kore ya gudu, shuɗi ya zauna.

Kunkuru ya leƙo. "Bai kama sosai ba. Gobe ka ƙara."

Washegari Bagudu ya riga kowa zuwa marina. Ya tsoma, ya ciro, ya tsaya.

Ƙurunƙus, ɓera ya shige da ita rami. Wanda ya yi saurin ɓoye kuskurensa, wata rana gyaransa zai binne. Ku tashi haka nan.